Tanderun Gidan Alhaji Gambo

A gidan hayar Alhaji Gambo da ke Gyadi-Gyadi akwai wani sashe na can ƙarshe, ciki da falo, wanda 'yan haya suka raɗa wa suna Tanderu. Bangonsa na yamma ba abin da ya kare shi, rana tana dukansa tun daga azahar har ta faɗi. Babu silin, kwano ne tsirara a kan katako, tagar kuma ɗaya ce tak. Wanda ya kama shi da damina yakan yi murna da arhar kuɗin haya, amma da bazara ta kankama sai a ga ana loda masa kaya a kura.

Omolola ta kama shi a shekarar 1996, soja na mulki. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin koyarwa, haifaffiyar Fagge, 'yar wani Bayarabe makanike da ya rasu tana sakandare. In tana Hausa ba ka raba ta da 'yar cikin birni. Duk unguwa Sista ake ce mata. Ta zo da mahaifiyarta, Iya, wadda ta shekara talatin tana sayar da atamfa a kasuwar Kwari kafin ciwon zuciya ya zaunar da ita. Kusanci ne ya kawo su, don daga ƙofar gidan zuwa asibiti tafiyar ƙafa ce.

Bazarar farko sun sha wuya. In ta taso daga aikin dare ta kwanta da hantsi, kafin sha ɗaya kwano ya fara ƙara, katifa ta jiƙe da gumi. Iya ta koma zaman soro da jiƙaƙƙen tawul a wuya. Omolola ta sayi fanka, sai ta tarar iska mai zafi kawai take juyawa, wutar ma ɗaukewarta ta fi kawowarta yawa. Ta sayi tsohon janareta, ga shi lokacin wahalar mai ne, sai wajen 'yan bumburutu masu sayarwa a galan a bakin titi. Kusan rabin albashinta ya riƙa ƙarewa a fetur da ƙanƙara. Da sanyi ya shigo kuma abin ya juya, kwanon nan ya riƙa zubo musu sanyi kamar a fili suke kwana. Suka koma sayen gawayi, hayaƙinsa ya sa wa Iya tari.

Wata rana a bayan ɗakin ajiyar magani ta ga an tara fararen kwalayen nan marasa nauyi, masu kama da busasshen soso, da ake sako magungunan da ba sa son zafi a ciki. Ƙona su za a yi. Sun wuni a rana, amma da ta buɗe ɗaya ta tura hannu sai ta ji cikinsa bai yi zafi ba. Ta roƙi mai kula da wurin, ya rubuta mata 'yar takarda cewa shara ce, ta kwasa.

Ta kai guda ɗaya wajen Malam Inuwa, wani kafinta da ke aiki a rumfarsa ta bakin titi. Ta ce so take a yanka su falle-falle a shimfiɗa tsakanin kwano da silin. Da farko dariya ya yi. Daga baya ya daɗe yana juya kwalin a hannu, ya ce mahaifinsa maginin soro ne, kuma tsofaffi ba don ado suke kaurara rufi ba. Ya ce in za a yi, to a yi gaba ɗaya: a huda ƙananan tagogi biyu can sama inda zafi ke taruwa, a shafe kwanon da farar ƙasa, a kafa rumfar zana a bangon yamma.

Suka je wajen Alhaji Gambo tare. Tsohon ya saurare su har ƙarshe, ya ce, "'Yata, yi abin da kika ga dama, ni dai kada ki rushe min bango." Ba wanda ya yi tunanin rubuta takarda.

Aikin ya ɗauki shekara biyu, don kaɗan-kaɗan take yi. Ta sayar da janaretan ta sayi allunan silin. Duk ƙarshen wata ta ƙara katako biyu ko uku. Kwalayen ba su isa ba, suka cike ragowar da guntayen soso daga wajen masu ɗinkin katifa. Ita da kanta take hawa tsani ta shafa farar ƙasar duk ƙarshen damina, mata na leƙenta suna dariya. Ta shuka darbejiya a jikin rumfar, Iya na zuba mata ruwan wanke-wanke.

A bazarar 1999 Tanderu ya zama wurin da ya fi ko'ina daɗin zama a gidan. Ba sanyin na'ura ba ne, amma mutum yana iya barcin rana ya tashi da busasshiyar riga. Ruwan randarsu kamar an sa ƙanƙara. Lokacin sanyi bargo ɗaya ya ishi Iya, kaskon gawayin ma kyauta aka yi da shi. Maƙwabta na ci gaba da bin layin gidan mai da galan, ita kuwa Omolola ta manta rabonta da sayen fetur. Matan gidan suka riƙa kawo jariransu falon da azahar su kwantar a tabarma.

A shekarar ne soja suka miƙa mulki. Bangwayen unguwa suka cika da hotunan 'yan takara, kowane matashi ya samu gidan ɗan siyasar da yake yi wa hidima. Da damina Alhaji Gambo ya rasu, kula da gidan haya ya koma hannun babban ɗansa, Tanko. Shi ya yi sa'a, uban gidansa ya ci zaɓe, aka riƙa jefa masa ƙananan kwangiloli. Kafin shekara ya gina gida a Tarauni mai manyan tagogin gilashi da na'urar sanyaya ɗaki uku. Kowa ya koma ce masa Honarabul, ko da yake ba wanda ya zaɓe shi komai. Omolola dai Tanko ta san shi tun yana tallan batir a bakin asibiti, Tanko ta ci gaba da ce masa.

Wata ranar Laraba cikin watan Afrilu ya zo zagayen 'yan haya da misalin ƙarfe biyu. An kwana uku ba wuta. Ya shigo falon yana sharce gumi da hula a hannu, ya gaida Iya, ya zauna. Can ya ɗaga kai yana neman inda na'urar sanyaya ɗaki take. Da bai gani ba ya tambaya. Omolola ta yi masa bayani da zuciya ɗaya, har ta ɗaga allo ɗaya ta nuna masa abin da ke sama. Ya ce shi gidansa in janareta ya mutu minti goma ba mai iya zama, kuma abin da yake zuba wa injin a mako ya isa cefanen wata. Ya sha ruwan randa kofi biyu. Abin da ya zo yi na minti biyar ne, ya kai la'asar.

Bayan kwana shida ya aiko da takarda. Kuɗin hayar sashenta ya ninka uku, saura kuwa ba a taɓa nasu ba. In ba za ta iya ba, ta tashi nan da ƙarshen watan Mayu. Daga baya ta ji cewa tuni ya shigo da wani matashin likita ya ga ɗakin ranar da take wurin aiki, Iya ta ɗauka baƙi ne har ta ba su ruwa.

Ta same shi a ƙofar gidansa na Tarauni, injin na ruri a bayansu har sai sun ɗaga murya. Ta tuna masa yadda ɗakin yake da, da wanda ya gyara shi, da izinin mahaifinsa. Ya ce kasuwa ce, ɗaki mai sanyi ba a ba da shi kuɗin ɗaki mai zafi, kuma duk abin da aka buga wa ƙusa a jikin gida ya zama na gida. Ta ce to ya biya ta abin da ta kashe. Ya ce ta nuna masa takarda. Da ta ƙi tafiya sai ya sassauta murya kamar mai ba da shawara, ya ce ta duba yanayin gari, 'yan'uwanta da yawa sun tattara sun koma kudu, ba lokacin da irinta za ta ja magana ba ne.

Gaskiya ne a watannin nan zaman ɗar-ɗar ake yi saboda tsoron rikicin addini da ƙabilanci, motocin kudu na tashi a cike. Omolola ta dube shi ta ce, "A Fagge aka binne cibiyata, Tanko. In akwai garin da zan koma, gaya min sunansa."

Tanko ya juya ya shige gida.

Ta kai maganar gaban mai unguwa. Abokan aikinta sun hana ta, 'yan cocinsu ma sun ce ta bar wa Allah, amma ta je. Aka zauna a zauren mai unguwa bayan la'asar. Malam Inuwa ya ba da shaida cewa a gabansa marigayi ya ba da izini, amma da aka tambaye shi ko an faɗi na wane ne kayan in ta tashi, ya ce tsakaninsa da Allah ba a faɗa ba. Mai unguwa dattijo ne mai son sulhu. Ya ce cikin biyu Tanko ya zaɓi ɗaya, ko ya bar ta a kan tsohon kuɗi da ɗan ƙari daidai da na kowa, ko a kimanta aikin ya biya ta. Tanko ya ji kunya a ce an sa shi biyan mace a gaban jama'a. Ya miƙe yana gyara babbar riga.

"Ranka ya daɗe, ni ban sa ta aiki ba. Ba na biyan ko kwabo. Ta bar min ɗakina yadda ta same shi, ta kama gabanta."

Omolola ta juya wajen mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ka ji abin da ya ce? Yadda na same shi?"

Mai unguwa ya dube ta, ya dubi Tanko, ya ce ya ji, kuma duk wanda ke zauren ya ji.

Da ta koma gida ta zauna tana lissafin yadda za ta kwashe kayan gyaran da ta yi. Ta riga ta samu wani ɗaki a Tarauni bayan kasuwa, a gidan wata gwauruwa, Hajiya Husaina, amma shi ma kwano ne tsirara. Cire silin da mayar da shi wani wuri ba aikin kwana ɗaya ba ne, ga zafin Mayu, ga zuciyar Iya. Ta fara tunanin ko ta ci bashin asibiti ta biya Tanko na shekara ɗaya, kafin nan Allah ya kawo mafita. Ta faɗa wa Iya haka tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Iya ta ce ita ta yi shekara talatin a kasuwa, ba ta taɓa sayen kayanta da kuɗinta sau biyu ba. "Ki cire. Ko ƙusa ɗaya kada ki bar masa. In zafi ne zai kashe ni, gara ya kashe ni a inda ba a raina mu ba."

Ranar Asabar ta ƙarshen wata Malam Inuwa ya zo da sassafe da tsani biyu da guduma. Aka fitar da Iya da kujerarta ƙarƙashin darbejiya. Suka fara da falo. Yana zare ƙusa a hankali don kada allo ya tsage, Omolola na karɓa tana jerawa, tana rubuta wa kowanne lamba da alli. Fararen fallayen suka riƙa saukowa, ƙura ta mayar da su ruwan toka. Matan gidan suka tsaya cirko-cirko, wata har da hawaye, don ta san daga yau jaririnta ba shi da wurin barcin rana. Duk da haka ita ce ta fara kawo buhu ana zuba guntayen soso. Kafin sha biyu kwanon ya bayyana, zafi ya sauko musu a ka kamar an buɗe murfin tukunya.

Suka kwance rumfar zana. Malam Inuwa ya kwaɓa siminti ya toshe ƙananan tagogin nan biyu da ya huda da hannunsa, yana yi yana girgiza kai. Omolola ta ɗaura zani a kan wando ta hau rufi da bokiti da tsintsiyar kwakwa, ta fara wanke farar ƙasar. Kwanon na ƙona mata tafin ƙafa ta cikin silifa. Farin ruwa ya riƙa gangarowa ta indararo yana malala a tsakar gida.

A nan Tanko ya same ta. Wani ne ya garzaya ya gaya masa, ya zo a mota da samari biyu 'yan jagaliya. Ya leƙa ɗakin, ya fito fuskarsa ta canza. Ya ce ɓarna ce wannan, zai kira 'yan sanda. Daga saman rufi ta ce ya kira, ita ma ta aika a gaya wa mai unguwa, sai a haɗu. Samarin suka dubi matan da suka cika tsakar gida, suka dubi Iya a kujera, ɗaya daga cikinsu ma Omolola ce ta taɓa ɗinke masa goshi. Suka koma jikin mota suka jingina.

Da ya ga haka ya matso gindin tsani ya rage murya. Ya ce ta sauko su yi magana, ya riga ya karɓi kuɗin likita na shekara biyu. Zai biya rabin abin da ta kashe, a mayar da komai yau.

"Ranar da mai unguwa ya ce ka biya, da ka biya," in ji ta. "Yanzu ba na sayarwa ba ne."

Ya ce zai biya duka. Ta tsoma tsintsiya a bokiti ta ci gaba da wanki. Ya tsaya yana kallonta, daga baya cikin gatse ya nuna darbejiyar ya ce ita ma sai ta tuge ta tafi da ita. Iya ce ta amsa masa. Ta ce itacen ba nasa ba ne, ba kuma nasu ba ne, sun bar wa mahaifinsa ladan duk wanda ya sha inuwar, don shi mutumin kirki ne. Tanko ya juya ya shiga mota.

Da la'asar a-kori-kura ta yi sawu uku zuwa Tarauni. Omolola ta share ɗakin tas, ta kai wa mai unguwa mukulli a gaban shaidu.

Sabon wurin bai zo da sauƙi ba. Ɗakin ya fi wancan faɗi, allunan ba su kai ba, wasu kuma sun karye a hanya. Kafin a buga ƙusa ɗaya Omolola ta sa aka rubuta takarda da Hajiya Husaina, da sa hannun shaidu uku, cewa kayan nata ne kuma ba za a ƙara mata haya don su ba. Hajiyar ta yi mamakin taurin kan, amma ta dangwala. Malam Inuwa na da wasu ayyukan, sai da yamma yake zuwa. Mako uku suka yi a ƙarƙashin kwano tsirara, a tsakiyar zafin da ke gaban ruwan farko. Ƙurajen zafi suka feso wa Omolola a wuya da baya. A mako na biyu ƙafafun Iya suka kumbura, numfashinta ya riƙa sama-sama, sai da aka kwantar da ita kwana huɗu a asibiti.

Nan ne Omolola ta yi kuka, a bayan labule, inda abokan aikinta ba sa gani. Wata daga cikinsu ta ce mata da ta haƙura da duk wannan bai faru ba. Ba ta musa ba, ba ta kuma ce ta yi nadama ba. Iya kuwa da ta farfaɗo abin da ta fara tambaya shi ne ko an gama rufe uwar ɗaki, ta kuma ce a gaya wa Inuwa ya daina jan ƙafa.

Likitan da Tanko ya karɓi kuɗinsa ya kwana biyu a Tanderu ya zo neman kuɗinsa. Don kada ya mayar, Tanko ya sa masa na'urar sanyaya ɗaki da janareta. Na'urar ta riƙa aiki ba hutawa ƙarƙashin kwano mai zafi, injin na shan mai kamar rami. Cikin watan Yuni aka ƙara kuɗin fetur, aka shiga yajin aiki, gidajen mai suka rufe. Likitan ya kwashe kayansa ya koma gidajen asibiti, aka yi ta shari'ar kuɗin har ƙarshen shekara. Tanko ya aika wa Malam Inuwa ya zo ya yi masa irin aikin, Malam Inuwa ya ce akwai mutum biyar a gabansa, in zai jira to. Bai jira ba. Sashen ya koma wurin ajiye kujerun taron jam'iyya.

Mutum biyar ɗin gaskiya ne. Uku daga cikinsu matan tsohon gidan ne da suka yi adashi, suka sa mazajensu suka nemi takarda daga hannun Tanko kafin a fara, shi kuma ya sa hannu don gudun sake shiga zauren mai unguwa. Omolola ce ke samo musu kwalayen in an tara, in babu ta tura su wajen masu katifa.

An gama ɗakin Tarauni ana saura kwana biyu ruwan farko ya sauka. Iya ta dawo gida ta zaɓi kusurwar da za a sa mata gado, ta sa aka matsar da shi sau uku kafin ta yarda. Ta ƙara shekara huɗu a wannan ɗaki. Omolola kuwa ba ta bar gidan Hajiya Husaina ba sai da ta sayi fili a Hotoro, kuma ranar da za a fitar da harsashin gini ta kori magini na farko, don ya ce shi bai san wani kaurara bango ba, yadda kowa ke yi haka zai yi.